Ƙarƙashin Ɗakin Tafiya

Na shimfiɗa kwali a ƙasa,
na shiga da baya, kai ya fara,
rana ta tsaya a bakin taya, ta ƙi biyo ni.
Daga nan Jega ƙafafu ce kawai:
silifan mai shayi, kofaton jaki,
da takalmin Malama Tsahara, likitar shanu,
yana kai da komo, yana ƙirga mini lokaci.

Ɗaki ne aka ɗora wa taya,
a-kori-kura ke jan sa.
Da gado a ciki, da tulu, da firjin allurai.
Ya kwana a rugagen Suru,
ya ratsa fadamar Bunza, ruwa har dokin ƙofa.
Daga sama fenti fari ƙal, sai ka rantse sabo ne.
Daga ƙasa kuwa, zo ka kwanta kusa da ni.

Katako ya jiƙe ya zama tuwo,
yatsa na sa, ya nutse.
Ga ƙofar da ɓera ya yi wa kansa,
bai nemi kafinta ba.
Ya ci wayar firji a dare ɗaya,
rigakafin shanu ɗari huɗu ya kwana da zafi,
da safe aka zubar.
Har yanzu in ta faɗa, muryarta sai ta yi ƙasa.

Nomau, miƙo sufana. Ba wannan ba, sha uku.

Na kankare tsatsa, tana zubo mini,
a ido, a gemu, a tsakanin haƙora.
Yau na san ɗanɗanon hanyar Dakingari
ban taka ta ba.

Na auna kwano da igiya, na yanka,
na tokare shi da gwiwa da goshi,
don hannu biyu ba sa isar mai aikin kwance.
Langa-langa uku na gitta masa,
kowane noti da 'yar robarsa
da na yanko daga tsohon tiyub.
Inda bututu ya fito na naɗe da ragar waya,
ɓera ya zo ya gwada haƙorinsa.
Kwalta na tafasa a gwangwanin madara,
Nomau na hura wuta yana tari,
ni ina bin kowace tsaga da tsinke,
kamar mai yaɓen rumbu ana jin ƙamshin hadari.
Ɗigo ɗaya ya sauka a wuyana.
Ban yi ihu ba, akwai mace a wajen.

Sai kusurwar baya, ta hagu.
Nan na ajiye gwangwani.
Na ɗauki ƙusa, na huda rami ɗaya,
ƙwayar gero biyu za su cika shi.

Marigayi Labbo, wanda ya koya mini,
ranar da na liƙe wata mota ruf, ina jiran yabo,
ƙeyata ya mara.
Ya ce, kak ka toshe duka, yaro.
Ruwa shina da wayo, sai ya shiga.
In ba ka bar mai hanyar hita ba,
ciki za shi zamna, shi ci ka a hankali.
Shekara ashirin ke nan.
Na gane da mota yake.
Daga baya, da na binne ɗana ban yi kuka ba,
na gane ba da mota kaɗai yake ba.

Takalmin ya tsaya. Ta durƙuso, ta haska da waya.
Malam Arzika, ka manta nan.
Na ce, ban manta ba, Malama.
Ta dube ni, ta dubi ramin,
ba ta ƙara tambaya ba.

Da la'asar suka kama hanyar Koko.
Yaran gareji na yaba fenti.
Ni ina wanke hannu da kananzir,
ina kallon gabas ta fara haɗe rai.